Me ya sa ma'aikatan farar hula na Pentagon suka ƙi tsarin biyan mai ƙwazo?

Tambaya: Yaya barka da aiki. A kwas ɗinmu na kula da ma'aikata malami ya kawo mana misalin ma'aikatan farar hula na ma'aikatar tsaron Amurka, wai zamanin Bush an kawo musu sabon tsari suka yi ta kuka da shi har aka soke. Ni abin da ya ɗaure min kai, tsarin cewa ya yi mai ƙwazo ya samu ƙarin albashi mai tsoka, rago kuma ya tashi a tutar babu. To wa zai ƙi wannan in ba rago ba? Ko da abin da ban hango ba?

Amsa: Akwai kam ƙanena, kuma ba kaɗan ba. Na daɗe a harkar kula da ma'aikata, duk inda aka kawo maganar a biya kowa gwargwadon ƙwazonsa, abin da ma'aikaci yake fara tambayar kansa shi ne wa zai riƙe ma'aunin, in kuma ya tauye ni wajen wa zan kai kuka. Shi wannan tsari da malaminku ya kawo muku, NSPS ake ce masa a taƙaice, amsar da ya ba mutane ita ce oganka ne zai auna ka, wasu manya da ba su san fuskarka ba su gyara awon a bayan ƙofa, wajen kai kukan kuma za a ƙuntata shi. To ka ga ko kai ne gwarzon ofis dole gabanka ya faɗi.

Ka fara sanin su wa ake magana a kai tukuna. A lokacin mutum kusan 700,000 ne farar hula da ke cin albashi a ma'aikatar tsaron Amurka, ba sa sa kaki, ba sa sara wa kowa. Akwai masu walda da gyaran jiragen ruwan yaƙi a Norfolk da Pearl Harbor, akwai makanikan tankar yaƙi a Anniston ta jihar Alabama, masu gyaran injin jirgin sama a sansanin Tinker na Oklahoma, ga akantoci masu biyan sojoji albashi, ga injiniyoyi, likitoci da nas-nas, malaman makarantun 'ya'yan sojoji, masu sayo wa soja kaya daga takalmi har makami mai linzami. Da yawansu ma tsofaffin sojoji ne da suka cire kaki suka dawo aiki a sansanin da suka bari. Mutanen da suka sha fareti da asuba shekara ashirin, wuya ne ka ce duk ragwanci ne ya haɗa musu baki.

Tsohon tsarin da suke kai, na ma'aikatan ofis kenan, sunansa GS, tun 1949 yake. Ba zai yi maka wuyar ganewa ba don ɗan uwan namu ne na lebul da istef: mataki 15, kowane mataki da istef 10. Istef ukun farko shekara ɗaiɗai kake jira, uku na tsakiya shekara bibbiyu, ukun ƙarshe shekara uku-uku, wato in ka zauna a mataki ɗaya shekara 18 za ka yi kafin ka kai istef na 10. Sharaɗin kawai aikinka ya zama karɓaɓɓe. Ga ƙarin da ake yi wa kowa a watan Janairu, ga kuma tun 1994 ana ɗora wani kaso gwargwadon garin da kake aiki, na San Francisco ba zai ɗauki daidai da na ƙauyen Alabama ba. Laifin wannan tsari a fili yake kuma ni ba zan kare shi ba, wanda yake kashe kansa da aiki da wanda yake zuwa ya ɗumama kujera kusan tare suke hawa, kuma korar wanda bai da amfani sai oga ya tara takardu kamar zai rubuta littafi. Amma yana da abu ɗaya da ma'aikaci yake so kamar ransa, za ka iya buɗe jadawali ka ga abin da za ka ɗauka shekara biyar masu zuwa, ka ci bashin gida a kai, kuma fushin oga bai isa ya taɓa shi ba sai da hujja a rubuce.

Wannan kariya ba daga sama ta faɗo ba. A da can aikin gwamnati a Amurka ganimar zaɓe ce, jam'iyyar da ta ci ta share na da ta zuba nata, har a 1881 wani da ya sa ran muƙami bai samu ba ya harbe shugaba Garfield, shi ya sa aka yi dokar Pendleton a 1883 ta ɗaukar aiki bisa cancanta. A 1978 kuma zamanin Carter aka kafa hukumomin da labarinmu ya rataya a kansu, MSPB inda ma'aikacin da aka kora ko aka rage wa matsayi yake ɗaukaka ƙara, da FLRA mai raba gardama tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da hukumomin gwamnati. Ka kuma riƙe wannan da kyau: ma'aikacin tarayya a Amurka ba shi da ikon yajin aiki, kowa ya tuna yadda Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 a 1981, sannan akasarin ƙungiyoyinsu ba sa cinikin albashi, majalisa da shugaban ƙasa ne suke yankawa. Abin da ya rage musu kawai shi ne cinikin yanayin aiki, canjin shifti, obataim, sauyin wurin aiki, kayan kariya, da tsaya wa mutum in an zalunce shi. To ɗan wannan da ya rage ne NSPS ta sa wa hannu.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya zo da hujjarsa, kuma gaskiya ba hujjar banza ba ce. Ya ce ɗaukar mutum aiki sai an yi watanni, kora ta wuce shekara, sojoji sama da 300,000 suna zaune a kan ayyukan da farar hula zai iya yi saboda kwamanda ya fi samun sauƙin tura soja ko ɗan kwangila, sannan in za a canza ƙaramin abu sai an zauna da rassan ƙungiyoyi sama da 1,300 ɗaya bayan ɗaya. Aka cusa tsarin a cikin babbar dokar tsaro ta shekara-shekara, irin wadda ɗan majalisa bai son a ce ya ƙi ta ana tsakiyar yaƙi a Iraƙi da Afganistan, Bush ya sa hannu a Nuwamban 2003. Dokar ta ba sakataren tsaro da ofishin kula da ma'aikatan tarayya wuƙa da nama su rubuta ƙa'idojin da kansu. A Fabrairun 2005 aka fito da daftari, aka samu martani sama da 58,000, mafi yawa wasiƙu ne iri ɗaya da ƙungiyoyi suka raba wa mambobi su sa hannu, amma dai yawan ya nuna maka zafin abin. A Nuwamban shekarar aka fito da na ƙarshe, manyan abubuwan da ake kuka da su suna nan daram.

Yanzu bari mu shiga cikin kuɗin, don a nan ne ɗalibai suke tsayawa a kan take ba sa leƙa ciki. An rushe matakan nan 15 aka mayar da su faffaɗan zango, misali zango na biyu na ƙwararrun ma'aikatan ofis ya haɗiye tun daga mataki na 9 har na 13. Istef ya tafi gaba ɗaya. Mutumin da a da yake lissafin daga 9 zai je 11, daga 11 zuwa 12, kowanne da ƙarin girma da ƙarin kuɗi sananne, yanzu duk yana cikin ɗaki ɗaya, motsinsa ya dogara da makin ƙarshen shekara. Makin daga 1 ne zuwa 5. Mai 5 yana samun kaso 5 ko 6, mai 4 kaso 3 ko 4, mai 3 kaso 1 ko 2, mai 2 ba kaso, mai 1 kuwa ko ƙarin Janairu na kowa da kowa ba zai gani ba. Kason nan kuma daga wani asusu ake biya, ana tara ma'aikata rukuni-rukuni, daga gomomi zuwa ɗaruruwa, kowane rukuni da asusunsa.

Tambayar da ya kamata ka yi ita ce daga ina kuɗin asusun ya fito. Ba sabon kuɗi majalisa ta ƙaro ba. Kuɗin da a da ake kashewa a kan istef da ƙarin girma tsakanin matakan da aka haɗe da kyautar ƙarshen shekara, shi aka tattara, aka kuma buɗe ƙofar yanko wani abu daga ƙarin Janairu a zuba. Kamar watanda ne, kowa an cire masa kuɗi daidai an sayi sa, sai ranar rabo aka ce wani kashi shida zai ɗauka wani ɗaya wani ko ƙashi ba zai samu ba, kuma mahaucin da zai raba a ɗaki zai kulle kansa. Sannan tunda sa ɗaya ne, in masu kaso suka yi yawa kowane kaso sai ya ƙanƙance. Ɗauki misali, mutum biyu albashinsu ɗaya, dukansu maki 4 da kaso 3, amma asusunsu daban, wannan a rukuninsu darajar kaso ta zo kashi 2 cikin ɗari na albashi sai ya tashi da kashi 6, wancan ogannin rukuninsu sun yi hannu sake sun ba mutane da yawa maki mai kyau sai darajar kaso ta faɗo kashi 1 da rabi ya tashi da 4 da rabi. Aiki ɗaya, maki ɗaya, kuɗi daban, kuma ba wanda zai san darajar kasonsa sai bayan an gama komai. Wani abin kuma, ribarka tana ƙaruwa in abokin aikinka ya faɗi, a wurin da ake son mutum biyar su haɗu su gyara injin jirgi guda wannan ba ƙaramar ɓaraka ba ce.

A Satumban 2007 ma sai mataimakin sakataren tsaro Gordon England ya sanar cewa rabin ƙarin Janairun 2008 asusun zai shiga, na shekarar gaba kuma dukkansa. Mutane suka ce ka ji ko, dama abin da muke faɗa kenan, ƙarin da muke rage zafin tsadar rayuwa da shi ma ya koma sai oga ya ga dama.

Makin kansa kuma ba oganka ne yake da maganar ƙarshe ba. Shi zai ba da shawara, ta wuce wajen na sama da shi, ta je gaban kwamitin asusu, su kuma suna iya ragewa ko su mayar masa su ce ya gyara. Ana hana oga gaya maka makin da ya ba ka kafin kwamiti ya gama, to in sakamako ya fito ka ga 3 ba ka san shi ne ya ba ka ko can sama aka zaftare ba, wani ogan ma ya samu mafaka, ya ɗaga kafaɗa ya ce wallahi ni 4 na rubuta. 'Yan kwamitin nan galibi ba su taɓa ganin aikinka ba, abin da ke gabansu ɗan bayanin da kai ka rubuta a kan kanka da wanda oga ya rubuta, a cikin wata manhajar kwamfuta mai ƙayyade yawan haruffa. Sai abin ya koma gasar iya rubutu. Wanda ya iya tsara magana ya kambama ƙaramin aiki ya wuce, gwanin da hannunsa ya iya amma alƙalaminsa bai iya ba, ko wanda Allah ya haɗa shi da oga malalacin rubutu, ya zauna a 3. Ogannin ma sun yi kuka, makonni suke ɓatawa a kan fom da zaman kwamiti. A takarda an haramta ƙayyade cewa mutum kaza ne kawai za su ci 5, amma fiye da rabin mutane a 3 suka taru, kuma ofishin binciken majalisa GAO a rahotonsa na 2008 ya nuna damuwa cewa yadda ake jaddada wa oganni 3 shi ne makin da aka saba zai iya hana su bambance mutane da gaskiya. Rahoton ya kuma gano wani abu mai ban tsoro ga masu tsarin, waɗanda suka fi daɗewa a cikinsa ra'ayinsu a kai ƙara lalacewa yake yi. Ragwayen da aka ce za a kama kuwa, masu cin 1 da 2, ƙalilan ne ƙwarai.

Ga kuma maganar fansho, wadda matashi irinka ba zai kula da ita ba amma ɗan shekara hamsin ita ce gabansa. Abin da ka samu daga asusu ana iya ba ka shi a matsayin ƙarin albashi na dindindin, ko bonas na lokaci ɗaya, ko a raba, kuma hukuma ce take zaɓa. Fanshon ma'aikacin tarayya a can ana lissafa shi ne daga matsakaicin albashin shekara uku a jere mafi tsoka, bonas baya shiga. Wato mutum biyu su ɗauki kuɗi ɗaya bana, ɗaya ya ci nasa ya ƙare, ɗayan kuma nasa zai bi shi har tsufa. Wasu wuraren ma sun kafa wani rufi a tsakiyar zangon wanda ba ka wuce shi sai da izini na musamman, faɗin zangon da aka yi ta talla sai ya zama a takarda ne.

Da alƙaluman rabon farko suka fito jaridar Federal Times ta bincika a 2008, ta ga a matsakaici fararen fata sun fi baƙaƙe da sauran tsiraru samun maki da kuɗi, kuma manyan ma'aikata sun fi ƙanana cin 4 da 5. Wannan kaɗai bai isa a ce an yi wariya da gangan ba, dalilai suna da yawa, amma a ƙasar da take da tarihin da Amurka take da shi, ka cire jadawalin da bai san launin kowa ba ka sa hukuncin mutum a ɓoye, sannan sakamako ya fito a karkace, ai ba ka da bakin cewa mutane su kwantar da hankali.

Duk wannan albashi ne. Abin da ya kai su kotu daban ne. Ƙa'idojin sun ce sakataren tsaro da wasu manya za su iya fitar da umarni ya shafe duk wani sashe na yarjejeniyar da aka riga aka sa wa hannu da ƙungiya in ya ci karo da shi. Ka yi tunani, kun zauna wata shida kun daidaita, gobe takarda ɗaya ta fito daga Pentagon ta ce wannan sashe babu shi. An kuma cire abubuwa da yawa daga cikin waɗanda dole a yi ciniki a kansu, kamar yadda ake rarraba aiki da tura mutum wani wuri. In rigima ta tashi kuma mafi yawanta ba FLRA za a je ba, wadda shugaban ƙasa yake naɗawa majalisar dattawa ta tantance, wata sabuwar hukuma ce a cikin gida wadda sakataren tsaron ne da kansa zai naɗa mambobinta. Wanda kake ƙara shi ya zaɓi alƙalin.

Ɗaukaka ƙarar kora ma haka. A tsohon tsari alƙalin MSPB yana da ma'auni 12 da suka samo asali daga shari'ar Douglas ta 1981, yana duba girman laifi, shekarun aiki, ko an taɓa kama mutum, da irin hukuncin da aka yi wa wasu masu laifi iri ɗaya, in ya ga kora ta yi tsauri ya mayar da ita dakatarwa. NSPS ta ɗaure hannunsa, ba zai sassauta ba sai hukuncin ya zama wanda ba shi da wani dalili kwata-kwata, kuma ma'aikatar ta ba kanta ikon sake duba hukuncin alƙalin ta gyara ko ta juya shi kafin a wuce gaba. Ga kuma wasu laifuka da sakatare zai lissafa waɗanda hukuncinsu kora ce kawai. Wajen rage ma'aikata kuma aka ɗaga maki sama da shekarun aiki, wato wannan makin da ba ka san yadda aka yi aka ba ka shi ba yana iya sa kai mai shekara 25 ka tafi ɗan shekara uku ya zauna. Ka haɗa wannan da lokacin, ana ta maganar rufe sansanonin soja a 2005, ana miƙa ayyuka ga 'yan kwangila, sai ka gane me ya sa ma'aikacin da ya ga ana almundahana a kwangila zai yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki, tunda albashinsa da kujerarsa duk suna hannun wanda zai tona.

Ƙungiyoyi sama da talatin suka haɗa kai, babbarsu AFGE, ƙungiyar ma'aikatan gwamnatin tarayya, ƙarƙashin John Gage, wasu daga cikinsu suka shigar da ƙara. A Fabrairun 2006 alƙali Emmet Sullivan na kotun tarayya a Washington ya tsayar da sassan ƙwadago da na ɗaukaka ƙara, ya ce tsarin bai tabbatar da haƙƙin ciniki ba, hukumar cikin gidan ba mai zaman kanta ba ce, hanyar ƙarar kuma ba ta yi adalci ba. Kafin nan ma wata alƙaliya ta yi wa irin wannan tsari na ma'aikatar tsaron cikin gida haka a 2005. Ita kuwa ma'aikatar Rumsfeld ta ci gaba da ɓangaren albashi, ta fara da mutum kusan 11,000 a ƙarshen Afrilun 2006, tana zaɓen waɗanda ba sa ƙarƙashin ƙungiya. A Mayun 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin Sullivan da biyu da ɗaya, Brett Kavanaugh wanda yanzu yake Kotun Ƙoli shi ya rubuta na masu rinjaye, ya ce dokar ta ba ma'aikatar wannan iko na wucin gadi har Nuwamban 2009. Sai dai nasarar ta zo a makare, 'yan Dimokurat sun karɓe majalisa a zaɓen 2006, Rumsfeld ya sauka Robert Gates ya hau. Dokar tsaro da aka sa wa hannu a Janairun 2008 ta dawo da cinikin ƙungiya da ɗaukaka ƙara yadda suke, ta fitar da masu aikin hannu daga tsarin, ta kuma ce duk wanda makinsa ya wuce 1 dole a ba shi aƙalla kashi 60 cikin ɗari na ƙarin Janairu. Wato sassan da suka fi tayar da ƙura ba a taɓa aiki da su ba ko na rana ɗaya, amma sun riga sun ɓata wa tsarin suna. Obama ya hau, a Maris 2009 aka dakatar da shigar da sababbi, kwamitin nazari da tsohon mataimakin sakataren tsaro Rudy deLeon ya jagoranta ya ce a rushe a sake gini kar a jefar gaba ɗaya, majalisa ta ce a'a, a Oktoban 2009 aka soke, aka ba da wa'adin 1 ga Janairun 2012 a mayar da mutum kusan 226,000 inda suka fito.

Kar ka ɗauka kowa ya yi murna fa. Akwai matasan injiniyoyi da masu ƙwazo da suka yi tsalle a albashi cikin shekara uku fiye da yadda istef zai kai su a shekara goma, akwai manajoji da suka ji daɗin iya ba sabon ɗauka albashin da zai hana kamfani ƙwace shi. Da aka dawo GS wasu albashinsu ya riga ya wuce istef na 10 na matakin da aka ajiye su, ba a rage musu ba amma aka ce rabin ƙarin shekara kawai za su riƙa samu har jadawali ya kamo su, ga shi daga 2011 zuwa 2013 an daskarar da ƙarin gaba ɗaya. Su waɗannan su ne suka fi kowa jin haushi, an yi gwaji da su an fasa. Kuɗin da aka zuba kuma, ma'aikatar ta ce dala miliyan 158 za ta kashe, GAO ta ce lissafin bai haɗa komai ba.

Ni a nawa ganin, Rumsfeld ya gano ciwon daidai amma ya haɗa magunguna uku a cokali ɗaya, biyu daga ciki kuma ba na ciwon ba ne. Da albashin kaɗai ya taɓa, ya bar alƙalin waje da yarjejeniyar ƙungiya, ya buɗe yadda kwamiti yake aiki kowa ya ga makin da ogansa ya ba shi da dalilin canzawa, da wataƙila tsarin yana nan. Su ma ƙungiyoyin ba waliyyai ba ne, akwai abin da suka ƙi don kawai yana rage musu ƙarfi, kuma har yau ba su kawo amsa mai gamsarwa a kan mai ɗumama kujera ba.

Maganar kuma ba ta mutu da NSPS ba. Daga 2016 ma'aikatar ta shigo da sabon tsarin awo mai maki uku kawai, 5 da 3 da 1, wanda a wannan karon aka zauna da ƙungiyoyi wajen tsara shi kuma aka bar GS a wurinsa, amma majalisa ta dawo da ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi faɗa a kai, ta ce in za a rage ma'aikata a ma'aikatar tsaro a fara duba ƙwazo. A Oktoban 2020 Trump ya ƙirƙiro wani rukuni na ma'aikatan da suke taɓa tsara manufofi wanda za a iya korarsu cikin sauƙi, Biden ya soke a Janairun 2021, Trump ya dawo da shi da sabon suna a Janairun 2025, a Maris ɗin shekarar kuma ya sa hannu a umarnin da ya cire ma'aikatar tsaro da wasu da dama daga cinikin ƙungiya da hujjar tsaron ƙasa, aka sake komawa kotu.

In aikin gida aka ba ku a kai, shawarata ka ajiye NSPS gefe guda ka ajiye gwajin China Lake a ɗaya gefen. Tun 1980 rundunar ruwa ta fara faffaɗan zango da biya bisa ƙwazo a cibiyar bincikenta ta China Lake da wata a San Diego, duk a California, wuri ƙarami, akasari masana kimiyya da injiniyoyi, aka bi a hankali ana gyarawa, ba a taɓa hanyar ɗaukaka ƙara ba, kuma majalisa ta mayar da shi na dindindin daga baya. Akwai kuma na ma'aikatan sayen kayan soja da aka fara a 1999, shi ma zango ne da asusu da kwamiti kusan irin na NSPS, amma ba a shigar da 'yan ƙungiya sai ƙungiyarsu ta yarda a rubuce, kuma shekaru bayan an binne NSPS shi yana nan ana aiki da shi.